Argungu: Garin da Yaƙi ya Kafa, Kogi ya Rayar

Wanda ya tashi daga unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi da sassafe, ya kama hanyar da ta bi ta Ambursa, zai isa Argungu tun rana ba ta yi zafi ba. A hannunsa na hagu fadamar Gulbin Kebbi ce take biye da shi, shimfiɗaɗɗiya, da shinkafa kore shar ko da rani. Kafin ya kai, zai wuce wani gari mai suna Alwasa. Yawancin matafiya ba sa ko ɗaga kai su dube shi, amma a nan aka yi ɗaya daga cikin yaƙe-yaƙen da suka fi muni a tarihin wannan ƙasa. Za mu dawo kansa a gaba.

Mu mutanen Arewa ba mu da teku. A wasu ƙasashe akwai garuruwan da suka yi suna don kawai suna bakin ruwa, mutane na zuwa su huta su sha iska. Biraitin ta ƙasar Ingila misali ce: ƙauyen masunta ne, sai likitoci a ƙarni na 18 suka fara cewa wanka da ruwan teku magani ne, attajirai suka kwararo, da jirgin ƙasa ya iso daga Landan a 1841 kuma talakawa suka biyo baya, ƙauye ya zama birni. In muka nemi kwatankwacin wannan a ƙasar Hausa, babu wanda ya kai Argungu kusa. Ita ma garin masunta ce, ita ma ruwa ne ya kawo mata baƙi daga nesa. Sai dai hanyar da ta bi ta kai ga haka daban ce ƙwarai, domin Argungu ba don hutu aka kafa ta ba. Mafaka ce ta mutanen da aka kora daga birninsu.

Mun sa wannan tarihi a cikin littafin nan saboda da yawa daga cikin masu karanta shi za su yi aiki, ko suna yi yanzu, a tsakanin Kabawa da maƙwabtansu. Baƙon da bai san abin da ya wuce tsakanin Argungu da Gwandu da Sakkwato ba yakan yi ɓaranɓarama cikin magana ba da saninsa ba.

Kanta da daular Kabi

Tarihin Kabi a matsayin daula ya fara ne da Muhammadu Kanta, a farkon ƙarni na 16. A lokacin nan daular Songhai, ƙarƙashin Askiya Muhammadu, ita ce mai ƙarfi a yammacin wannan yanki. Kanta ya taimaki Askiya a yaƙin da ya kai Agadas, amma da aka zo rabon ganima sai aka saɓa. Littafin Tarihin Sudan, wanda Abdurrahman Assa'adi ya rubuta a Tambutu, ya ambaci wannan tawaye, wajen 1516 zuwa 1517. Songhai ta aiko da runduna don ta hore shi, ba ta yi nasara ba. Daga nan Kabi ta tsaya da ƙafarta tsakanin manyan dauloli biyu, Songhai a yamma da Barno a gabas, ta kuma gwabza da kowacce.

Me ya ba ƙaramar ƙasa irin wannan ƙarfi? Jarumtar Kanta tana ciki, amma mu dubi ƙasar kanta. Kogin Rima da Kogin Sakkwato suna haɗuwa kusa da garin Sakkwato na yanzu, su gangaro kudu maso yamma cikin fadama mai faɗi, su karɓi Gulbin Zamfara, su faɗa Kwara. Da damina wannan fadama takan zama tafki da laka da ciyawa mai tsawo. Dawakin maharan da suka saba da fili ba sa iya komai a cikinta, su kuwa Kabawa suna da jirage, sun san kowane mashigi. Ga shinkafa, ga kifi, ga hanyar fatauci zuwa Gwanja. Ƙasar da take ciyar da kanta, abokin gaba kuma bai iya ratsa ta wata huɗu ko biyar a shekara, da wuya a ci ta.

Kanta ya gina babban birninsa a Surame. Kufansa yana nan har yau a cikin Jihar Sakkwato, da ragowar ganuwar duwatsu da ke ba mai kallo mamaki. Wajen farkon ƙarni na 18 aka bar Surame, sarauta ta koma Birnin Kebbi. A wannan zamani ƙarfin Kabi ya riga ya ragu, Zamfara da Gobir sun taso sun ƙwace mata ƙasashe a gabas.

A nan bari mu ɗan ratse. A makarantun firamare an koya mana Hausa Bakwai da Banza Bakwai, aka sa Kabi cikin na biyun. Wannan rabo ya fito ne daga labarin Bayajida, wanda labari ne na gidajen sarautar gabas, Daura da 'yan'uwanta. Bakabe ba ya jin daɗin a kira ƙasar Kanta banza, kuma yana da hujja, domin akwai lokacin da wasu daga cikin Bakwai ɗin suke tsoron Surame. Kada mu maimaita wannan kalma a gaban dattawan Argungu.

Faɗuwar Birnin Kebbi

A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, jihadi ya fara. A shekara ta gaba, 1805, rundunar jama'ar Shehu ƙarƙashin ƙanensa Abdullahi ta ci Birnin Kebbi. Sarkin Kabi Muhammadu Fodi ya fita da waɗanda suka bi shi. Masu jihadi suka naɗa wani ɗan gidan sarautar Kabi, Usman Masa, wanda ya riga ya bi su.

Kafin shekarar ta ƙare sai al'amari ya juya. Gobirawa da Abzinawa da Kabawan Fodi suka haɗa kai, Usman Masa ma ya koma wajensu, aka haɗu a Alwasa. Jama'ar Shehu suka sha kashi mai tsanani, mutanensu da yawa suka mutu, aka bi su har Gwandu. A bakin Gwandu ne suka tsaya suka kore maharan. Da Gwandu ta faɗi a wannan mako, da tarihin Arewa duka ya zama wani abu dabam.

Akwai abin da ya kamata ɗalibin tarihi ya lura da shi a nan. Sau da yawa akan ba da labarin nan kamar yaƙi ne tsakanin Musulmi da arna. Ba haka yake da sauƙi ba. Sarakunan Kabi Musulmi ne tun da daɗewa, sunayensu ma sun nuna. Abin da masu jihadi suka tuhume su da shi shi ne garwaya addini da al'adun gargajiya, da kuma goyon bayan Gobir. Su kuwa Kabawa suna ganin ƙasarsu da sarautar kakanninsu ake so a ƙwace. Akwai Kabawa a ɓangaren Shehu, kamar yadda muka gani. Har ma sunan sarautar ya rabu: zuriyar Muhammadu Moyijo, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu, suna riƙe da sarautar Sarkin Kabin Yabo har yanzu, alhali mai Argungu shi ne Sarkin Kabi na gidan Kanta.

Fodi ya ci gaba da yaƙi sama da shekara ashirin, yana ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan, har aka kashe shi. Ɗan'uwansa Sama'ila, wanda aka fi sani da Karari, ya gaje shi, shi ne kuma ya mai da Argungu cibiyarsa. Mutanen garin suna cewa sunan ya samo asali daga kiran da ake yi na “a yi gungu”, wato a taru wuri ɗaya. Ko daga kiran masunta ne ko na mayaƙa, sunan ya dace da garin da tarwatsattsun mutane suka taru a cikinsa. A 1831 rundunar Sakkwato da ta Gwandu suka kewaye Argungu, garin ya miƙa wuya, Karari ya tsallaka yamma, aka bi shi aka kashe shi. A ganin kowa a lokacin, maganar Kabi ta ƙare.

Nabame

Ba ta ƙare ba, saboda Karari ya bar ɗa, Yakubu Nabame. An kai shi Sakkwato, aka ajiye shi a fadar Sarkin Musulmi. Ba a ɗaure shi ba, an riƙe shi da mutunci kamar ɗan gida, amma ba shi da izinin komawa. Ya yi shekaru goma sha a haka, har yana fita yaƙi tare da rundunar Sakkwato. Labarin da ake bayarwa shi ne ya ceci ran ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba a wani yaƙi da Gobirawa, saboda haka aka yarda ya koma ƙasarsa. A 1849 ya ɗaga tutar tawaye a Argungu. Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya, cikin ɗan lokaci Gwandu ta rasa yawancin ikonta a yammacin kogin.

Ta fuskar Sakkwato, wannan cin amana ne daga mutumin da aka yi wa alheri. Ta fuskar Argungu, ɗa ne ya karɓo gadon ubansa da aka kashe. Duka labaran biyu suna raye a bakin mutane har yau, kuma wanda yake zaune a Birnin Kebbi zai ji su duka a kasuwa ɗaya.

Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Henrik Bat, ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu, a tsakiyar wannan rikici. Ya tarar da hanyoyi babu aminci, tsohon birnin kuma ya zama inuwar abin da yake a da. A Gwandu ne ya sami kwafen Tarihin Sudan ɗin da muka ambata, ya kwafi sassa daga ciki, ta haka malaman Turai suka fara sanin littafin.

Nabame ya mutu a fagen fama a 1854. Waɗanda suka biyo shi ma ba su daɗe ba, sai Abdullahi Toga, wanda ya yi mulki daga 1860 zuwa 1883. A zamaninsa aka ƙulla amanar da ake kira Lafiyar Toga, wajen 1867, inda Gwandu da Sakkwato suka amince da 'yancin Argungu, kowa ya riƙe garuruwan da ke hannunsa. Ta yi kimanin shekara takwas ta warware. Abin lura shi ne sunan da talakawa suka ba ta. Ba su ce nasarar Toga ba, lafiya suka ce, domin manomi da masunci abin da suka gani ke nan: shekarun da mutum zai je gona ya dawo.

Bayan Toga sai Sama'ila ɗan Nabame, wanda ake kira Sama, daga 1883 zuwa 1915. Shi ne mayaƙin da Kabawa suka fi yi wa kirari, suna cewa ya ci garuruwa casa'in. A farkon shekarun 1890 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kawo babbar runduna a kan Argungu, aka kore shi. Wannan ne yunƙuri na ƙarshe mai girma da Sakkwato ta yi a kan garin.

Da Turawan Ingila suka iso, Sama bai yaƙe su ba. Sun kafa sansani a Argungu a 1902, daga nan kuma wata ƙungiyar sojojinsu ta tashi ta haɗu da rundunar da ta ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Wannan ma wani tabo ne a tsakanin gidajen biyu. Argungu ba ta fita ba hasara ba: da Ingila da Faransa suka ja iyaka, ƙasashen Arewa da Zabarma da Dendi da yawa, waɗanda suka yi yaƙi tare da ita rabin ƙarni, suka faɗa ɓangaren da ya zama Jamhuriyar Nijar. Shi ya sa har gobe dangi suke a Dosso da Dogon Dutsi da Gaya. Sarkin Gwandu kuwa a zamanin Turawa ya zauna a Birnin Kebbi, tsohon birnin Kabawa, inda fadarsa take har yanzu.

Baƙuncin 1934

Turawa sun hana yaƙi, amma hana yaƙi ba shi ne sulhu ba. Shekara talatin bayan an ajiye makamai, tsofaffin da suka yi harbi da kibiya a bakin ganuwa suna nan da rai, haka ma matan da aka kashe wa maza da 'ya'yan da aka sayar da iyayensu. A cikin wannan hali ne, a 1934, Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya karɓe shi. Kakannin baƙon sun sha zuwa bakin garin da runduna. Shi ya shigo ta ƙofa, aka ba shi masauki.

Don girmama shi aka shirya babban su a kogi. Masunta suka shiga ruwa gaba ɗaya a gabansa da komarsu da gorunansu. Wannan ne mafarin bikin kamun kifi na Argungu kamar yadda duniya ta san shi.

Muna ganin akwai hikima a zaɓen da aka yi. Abin da aka saba yi wa babban baƙo a ƙasar Hausa shi ne hawan dawaki, da jahi, da sulke da lifidi. Da an tarye shi da wannan kaɗai, da kowa ya tuna yaƙi. Sai Kabawa suka nuna masa abin da yake nasu na kansu, wanda babu mai yi musu gardama a kansa, wato ruwa. Kogin nan shi ne ya kare su daga dawakin Sakkwato shekara da shekaru. Suka kai jikan Shehu bakinsa, suka ciyar da shi daga cikinsa. Ba wanda ya ce an ci shi, ba wanda ya nemi gafara a bainar jama'a, amma kowa ya gane abin da ake nufi.

Kada a ɗauka cewa a 1934 aka ƙirƙiro su na gayya. Tun kafin jihadi Kabawa suna da al'adun ruwa da na gari: gyaran ruwa, da fashin ruwa, da gyaran gari, da shan kabewa. Gyaran ruwa shi ne abin da Sarkin Ruwa yake yi kafin a shiga, domin a ganinsu kogi yana da masu shi, dole a nemi izini, har da yanka da sadaka. Fashin ruwa kuwa shi ne buɗe su bayan an rufe shi wata da watanni. Malaman Musulunci sun daɗe suna magana a kan ɓangaren tsafin, yawancinsa kuma ya ragu ko ya koma addu'a. Mai aikin ikilisiya ma zai gamu da wannan tambaya daga mutanensa masu sana'ar su. Shawararmu ita ce ya rarrabe abu biyu. Akwai abin da aka gaskata game da iskokin ruwa, akwai kuma dokar rufe kogi har kifi ya hayayyafa ya girma. Wanda ya yi watsi da ta biyun saboda bai yarda da ta farkon ba zai taimaka wajen ƙarar da abincin jama'a.

Abin da baƙo yake gani

Bikin yakan ɗauki kwana huɗu, a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da ruwa ya ja baya kifi ya taru a gurbi. Babbar rana ita ce ta ƙarshe, a wurin da ake kira Matan Fada. An hana su a wannan yanki na kogin duk shekara. Dubban masunta sukan jeru nesa kaɗan da gaɓa, kowa da komarsa da babban gora. In aka harba bindiga sai su sheƙo a guje, ƙura ta tashi, cikin ƙiftawar ido ruwan ya cika da kawuna har ba a ganin sa. Goran yana aiki biyu: mutum yakan kwanta a kansa ya yi iyo, yakan kuma zuba ƙananan kifaye a ciki. Makaɗa suna cikin jirage suna kiɗa suna kiran kirarin gidajen masunta. Bayan kamar awa guda a tsayar, a jawo manyan kifaye zuwa sikeli a gaban Sarki da baƙinsa.

Kifin da yakan ci gasa shi ne giwan ruwa. Wanda ya ci a 2005 ya kai kilo 75, na 2020 kuma kilo 78, wato nauyin cikakken namiji. Mu tuna da hannu da koma ake kama shi, a cikin ruwan da ya dagule, babu ƙugiya, babu taru. Mutum yakan nutse ya rungumi kifin, 'yan'uwansa su taimaka a ɗaure shi. Sarkin Ruwa yana kewayawa cikin jirginsa. Kogin yana da kadoji, mutanen garin kuma suna cewa shi ne yake sa su kauce ranar.

Kwanakin da suka gabaci wannan akwai abin da ake kira kabanci, wato wasannin ruwa na Kabawa: tseren jirage, iyo, nutso a ga wanda zai fi daɗewa, kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu tsura. A tudu kuma ga kokawa da dambe da nunin amfanin gona da hawan dawaki. A 1970 Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarta tare, tun daga nan bikin ya zama na ƙasa, gwamnati ta shigo da kuɗinta, aka gina masaukin baƙi da rumfunan kallo a bakin kogin. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gadon 'yan Adam.

Wanda ya je ba lokacin biki ba, abin da ya fi cancanta ya gani shi ne Gidan Tarihi na Kanta, kusa da kasuwa. Tsohuwar fadar sarakunan Argungu ce, ginin ƙasa mai kauri da soraye. Sarakuna sun zauna a cikinta har 1942, aka mai da ita gidan tarihi a 1958. Akan rubuta cewa Nabame ne ya gina ta a 1831, amma mai karatu da ya bi mu zuwa nan zai ga matsalar: 1831 ita ce shekarar da aka kashe ubansa, shi kuwa sai 1849 ya dawo da sarauta garin. Wannan darasi ne ƙarami a kan allunan da ake kafawa a wuraren tarihi. A ciki akwai masu da takubba da kwari da baka, da sulke, da layu da rigunan yaƙi, da tambura, da kayan su iri-iri. A nan kuma ake binne sarakunan Argungu, saboda haka ba wurin hayaniya ba ne. Sarki na yanzu, Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera, ya hau a 1996 bayan mahaifinsa Muhammadu Mera, wanda ya yi mulki tun 1959.

Mai son ya ji ɗaya ɓangaren labarin sai ya ƙarasa Gwandu ya ga hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo. Muna ba ɗalibanmu shawara su ziyarci wuraren biyu a tafiya ɗaya.

Kogin da yake raguwa

Duk garin da ya dogara ga baƙi yana da ciwo iri ɗaya: ya cika maƙil na 'yan kwanaki, sa'an nan ya koma shiru. Garuruwan bakin teku na Turai suna da wata uku ko huɗu na bazara. Argungu kwana huɗu gare ta. Masaukin da aka gina don baƙi yakan zauna babu kowa yawancin shekara, ginin da ba a kwana a cikinsa kuwa lalacewa yake yi. Bayan bikin 2009 an yi shekara goma ba a yi shi ba, saboda rashin tsaro a Arewa da kuma halin da kogin ya shiga, sai a watan Maris na 2020 aka dawo da shi. Yaron da aka haifa a farkon wannan tsaiko ya kusa gama firamare bai taɓa ganin abin da garinsu ya yi suna da shi ba.

Matsalar ruwa ta fi ta tsaro daɗewa. An gina madatsar Bakolori a kan Kogin Sakkwato a ƙarshen shekarun 1970, aka gina ta Goronyo a kan Rima a shekarun 1980. Madatsun sun kawo noman rani a inda suke, amma sun canja yadda ambaliya take sauka a ƙasa. Kifin fadama da ambaliya yake rayuwa: in ruwa ya malala cikin ciyawa da damina, nan yake zuba ƙwai, nan 'ya'yan suke samun abinci, in ruwa ya janye su koma gurbi. Ambaliyar da ta gajarta tana nufin kifi kaɗan. Ga yashi da yake cike gurabun, ga injinan ban ruwa dubbai da suke zuƙa daga kogin da rani, ga raga mai ƙananan idanu da take kwashe har 'ya'yan kifi. A 2006 sai da aka hana shiga su a bikin saboda ƙarancin ruwa. A 2008 kuma aka yi abin kunya: an gano cewa kifin da ya ci gasa ba a Matan Fada aka kama shi ba, daga wani wuri aka kawo shi a mace, aka karɓe kyautar. Mutane sun yi ta zagin masuncin, amma ya kamata a tambaya me ya sa ya yi tsammanin babu kifin da zai fi nasa a cikin kogin.

Abin da yake riƙe da Argungu a yau shinkafa ce fiye da kifi, fiye kuma da baƙi. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta 1991, da masarautunta huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, noman fadama yake ƙaruwa. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015, a 2017 kuma aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu. Wannan ya kawo aiki da kuɗi. Amma shinkafar rani ruwa take sha, daga kogin nan guda. Manomi yana so a tare ruwa a ba shi da rani, masunci yana so a bar shi ya malala da damina, makiyayi yana neman burtalin da zai kai shanunsa gaɓa ya tarar an shuke shi. Wani lokaci kuma ruwan yakan zo da yawa fiye da kima, kamar a daminar 2020 da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar.

Masuntan Kabi da yawa sun daɗe da bin ruwa zuwa wasu wurare. Ana samun su a Yawuri da tafkin Kainji, a kan Binuwai, har tafkin Chadi. In an sa ranar biki sukan dawo gida da komarsu, wasu bayan tafiyar kwana biyu a mota, su shiga Matan Fada na awa guda, su gaida Sarki, su ga dangi. Washegari a tashar Argungu za ka gan su suna ɗaura gorunan a kan rufin mota, za su koma inda kifin yake.